Tukunya Cikin Tukunya

Jawabi ga 'yan makarantar manya na Garo

Mun san waɗansunku daga lambu suka taso, ko ƙafa ba su tsaya wankewa ba, don kada su makara. Allah ya saka da alheri.

Yau za mu ajiye baƙi da wasali tukuna, mu yi hira a kan abu guda. Watau yadda mutum zai dubi wata wahala wadda ta dami jama'a, ya nemo mata magani, sa'an nan ya mai da maganin nan sana'a, don aikin ya dinga ciyar da kansa. Za mu ba ku labarin wani malami wanda ya yi haka da tukwane biyu da yashi. Labarin gaskiya ne, kuma a nan kusa da mu ya faru.

Wahalar da kowa ya sani

Tun da aka yi madatsun ruwa a wannan yanki namu, kamar ta Guzuguzu, da babbar nan ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, noman rani ya ƙaru. Ga tumatir, ga tattasai, ga attarugu, ga yalo da alayyafo. Wannan alheri ne. Amma kun san abin da ke biye da shi.

Manomi ya tsinke tumatir da sassafe. Rana ta take. Ba shi da wurin ajiya, tilas ya sayar yau. Mai saye kuwa ya san haka sarai, sai ya yi ta jan ciniki har la'asar. Kwandon da aka taya da daraja da hantsi, da yamma sai a sallama shi a wulakance, don gobe ya ruɓe. Ko an ɗora shi a mota zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano, zafi bai bar shi ba.

A cikin gida ma haka. Uwargida ta sayi alayyafo yau, gobe ya yi yaushi. Wadda ke ɗan sayar da kayan miya ba ta iya ajiye su su kwana, sai ta ɗora wa yarinya talla tun da safe. Yarinyar nan kuwa lokacin makarantarta ke nan.

To, kun ga wahala guda ta haifi 'ya'ya uku: manomi ya yi hasara, iyali sun ci abin da ya soma lalacewa, yarinya ta rasa karatu. Akwai firji, gaskiya ne. Amma firji yana son kuɗi mai yawa, yana kuma son wutar lantarki wadda ba ta yankewa. Mu nawa ke da su a nan?

Malamin Dutse

A Jihar Jigawa, wadda da ma ƙasa ɗaya mu ke da ita kafin a raba a 1991, an yi wani malami, sunansa Mohammed Bah Abba. An haife shi a 1964, a gidan magina tukwane, saboda haka tun yana yaro ya san yumɓu. Ya yi karatu, har ya zama malami a babbar makarantar koyon sana'o'i ta Dutse. Aiki yakan kai shi ƙauyuka, yana ganin irin wahalar nan da muka ambata.

Mutane da yawa sun ga abin da ya gani. Bambancinsa da su, shi bai tsaya ga "Allah ya kyauta" kaɗai ba. Sai ya tambayi kansa: me ke hannun mutanen ƙauye wanda ke sanyaya abu ba da wuta ba? Amsa tana nan a kowane gida. Randa ce. Kowa ya san ruwan randa ya fi ruwan bokiti sanyi. Kakanninmu sun san haka tun kafin a haife mu. Sai ya ce, in randa tana sanyaya ruwa, me zai hana ta sanyaya tumatir?

Daga 1995 ya shiga gwaji. Ya yi wajen shekara biyu yana gwadawa yana gyarawa, kafin ya kai abin gaban jama'a. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yadda a ke yin ta

A samo tukwanen ƙasa biyu masu faɗin baki, babba da ƙarama, waɗanda ba a shafa musu fenti ba. A zuba yashi kaɗan a gindin babbar. A sa ƙaramar a ciki, bakinsu ya yi daidai. A cika tsakaninsu da yashi. A zuba wa yashin ruwa har ya jiƙe sarai. A sa kayan miya cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta. A ajiye ta a inuwa, inda iska ke wucewa. A riƙa ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Shi ke nan.

Me ya sa ta ke sanyi? Ku tuna da jikinku. In mutum ya yi gumi, iska ta buso, sai ya ji sanyi. Dalili, gumin da ke bushewa yana tafiya da zafin jiki. Haka tukunyar nan ta ke. Ruwan yashi yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska tana busar da shi, shi kuwa yana tafiya da zafin da ke ciki. Watau tukunya ce ke gumi, tumatir na shan sanyi.

Da Malam Bah Abba ya gwada, ya tarar yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Tumatir da tattasai sun kai mako 3. Alayyafon da ba ya wuce kwana guda ya kai kwana 12.

Amma kada mu yi muku ƙarin gishiri. Tukunyar nan ta fi aiki da rani, lokacin da iska ta bushe. Da damina, iska ta riga ta ƙoshi da laima, gumin tukunya ba ya bushewa da sauri, sanyin sai ya ragu. In an manta ba a zuba ruwa ba, ta zama tukunya kamar kowace. Kuma ba za ta ɗauke amfanin lambu guda ba. Ta gida ce, da ta mai ƙaramin ciniki. Wanda zai kawo wa mutane sabon abu, wajibi ne ya faɗa musu iyakarsa. In ya ɓoye, ran da suka gane, sun bar yarda da shi ke nan.

Samun dabara daban, kai ta gidaje daban

Da malamin nan ya tsaya nan, da yau ba mu san sunansa ba. Dabarar da ta tsaya a ɗakin mai ita ba ta amfani kowa ba. To, ga abin da ya yi.

Da farko ya nemo magina tukwane waɗanda kasuwarsu ta ja baya, ya ba su aiki. Da kuɗin aljihunsa suka gina 5,000, ya raba su kyauta a ƙauyuka biyar na Jigawa, don mutane su gani da idonsu. A 1999 ya ƙara 7,000.

Sa'an nan ya lura yawancin mutanen da ya ke so su ji ba su iya karatu ba, takarda ba za ta isar da saƙo ba. Sai ya shirya wasan kwaikwayo da Hausa, aka ɗauka a hoto. Da dare a kafa farin ƙyalle a dandali, a ta da janareto, a nuna majigi. Maza da mata da yara su kalla, su yi dariya, su tafi gida da ilimi.

Bayan haka sai ya soma sayarwa. In an lissafa da kuɗin Amurka, inda dala guda ta ke senti 100, abin da a ke kashewa wajen gina tukwanen biyu a lokacin wajen senti 30 ne. Shi kuwa ya sa musu senti 40. Ɗan abin da ya hau, da shi a ke biyan mota, a kuma sake gina waɗansu.

A shekarar 2000 kamfanin agogo na Rolex, na ƙasar Suwizalan, ya ba shi kyautar dala 75,000 saboda wannan aiki, ya yi amfani da ita wajen yaɗa tukwanen. A 2001 mujallar Time ta Amurka ta sa tukunyar cikin sababbin dabarun da suka yi fice a shekarar. Kafin ƙarshen 2005 an rarraba fiye da 90,000. Dabarar ta ƙetare har ƙasar Sudan, inda mutanen Darfur suka karɓe ta. Malamin ya rasu a 2010. Allah ya ji ƙansa.

Don me ya sayar?

Watakila wani cikinku ya ce a ransa: in don Allah ya yi, don me bai ci gaba da rabawa kyauta ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce zuciyar hirarmu ta yau.

Bari mu gaya muku abin da muka gani da idonmu. A wani ƙauye da muka taɓa koyarwa, wani mai hali ya ba matan garin injin niƙa kyauta. Aka yi guɗa, aka yi godiya. Aka ce tun da kyauta ne, kowa ta niƙa abin da ta ga dama, mai ba da kuɗin mai ta bayar, marar bayarwa ta wuce. Ba a rubuta kome ba, ba a ajiye kome ba. Mu ma muna wurin, ba mu ce uffan ba, laifin har da mu. Bayan 'yan watanni bel ya tsinke, dutsen niƙa ya cinye. Aka nemi kuɗin gyara, babu. Aka aika wa mai kyauta, ya ce shi ya yi nasa. Da muka koma bayan shekara, mun tarar kaji na ƙwai a ƙarƙashin injin, mata sun koma turmi.

Kun gani? Ba mugunta ta kashe injin nan ba. Rashin lissafi ne. Hausawa sun ce don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Mutum uku ne a nan, ku bambanta su. Na ɗaya ɗan kasuwa, abin da ya sa gaba riba, kuma halal ce in ya yi gaskiya. Na biyu mai sadaka, yana bayarwa don lada, kuma babu mai raina sadaka. Akwai marayu da gajiyayyu waɗanda ita ce kaɗai gatansu. Amma sadaka iyakarta aljihun mai ita. Na uku shi ne irin Malam Bah Abba. Abin da ya sa gaba kau da wahalar jama'a, amma ya bi ta hanyar ciniki. Yana ɗora riba kaɗan, yadda talaka zai iya saye, ya kuma mai da ribar cikin aikin. Maginin tukwane ya sami abin yi. Mai lambu ya daina sayarwa da tilas. Yarinya ta sami sararin zuwa makaranta. Aikin kuma bai jira kowa ya ba shi ba.

Akwai wani amfani kuma. Abin da mutum ya sa kuɗinsa ya saya, ya fi kula da shi. In kuwa mutane sun ƙi saye ko da araha, wannan ma labari ne: ko dai abin bai yi musu amfani ba, ko ba su gane shi ba. Mai rabon kyauta ba ya jin wannan labari, don ba mai ƙin karɓar kyauta.

Misali na biyu: buhun wake

Waɗansunku sun san buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su mutu, ba tare da an zuba maganin ƙwari ba. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na arewacin Kamaru suka gano dabarar, aka soma yaɗa ta sosai a ƙasashenmu daga 2007.

Ku dubi hanyar da suka bi. Sun je ƙauyuka, aka ɗaure wake a gaban jama'a. Bayan watanni aka sake taruwa, aka kwance, kowa ya sa hannu ya duba. Gani ya kori ji. Sa'an nan aka ba wata masana'anta a Kano aikin yin buhun, 'yan kasuwa suka saro, manoma suka saya. Hanya ɗaya ce da ta mai tukwane: a gwada, a nuna, a yi abin a gida, a sayar da sauƙi.

Mu fa, a nan Garo?

Ba mu kawo labarin nan don ku yi mamaki ku tashi ba. Mun kawo shi don ku ɗauki hanyar. Ga matakai biyar.

Na ɗaya, ku zaɓi wahala guda. Kada ku ce za ku gyara duniya. Ku zauna ku lissafa abin da ya fi damun unguwarku: ruɓewar kayan miya, ko ƙwarin hatsi, ko tsadar itacen girki, ko famfon da ya lalace ba mai gyara. Ku tambayi masu wahalar da kansu. In ta cikin gida ce, a tambayi mata, su suka san inda ta ke ciwo.

Na biyu, ku duba abin da ke hannunku. Ƙasa, yashi, kara, maƙeri, magini, tela, mai gyaran babur. Abin da aka yi da kayan gida, in ya lalace a gida za a gyara shi.

Na uku, ku gwada kaɗan tukuna. Kun tuna malamin ya yi wajen shekara biyu yana gwaji. Ku haɗa tukunya guda a nan makaranta. Ku sa tumatir goma a ciki, goma a kan faifai a waje. Kullum ɗayanku ya duba, ya rubuta kwanan wata da abin da ya gani. Ga amfanin rubutun da ku ke koyo.

Na huɗu, ku yi lissafi kafin ku sa kuɗi. Ga misali. Ba farashin kasuwa muka ba ku ba, lissafi mu ke koyo. A ce ku goma ne, kowa ya kawo naira 5,000. Jari ya zama 50,000. A ce tukunya babba da ƙarama, har kuɗin ɗauko su, sun tsaya muku 2,000. Za ku sami 25. Biyu suka fashe a hanya, saura 23. In kun ce ku masu taimako ne, kuka sayar yadda kuka saro, za ku tashi da 46,000. Jari ya ragu da 4,000. Ku yi haka sau da yawa, sai a wayi gari ba jari, ba taimako. Amma in kun sayar 2,500, za ku tashi da 57,500. Ko kun ba wata gwauruwa guda kyauta, kuna da 55,000. Jari na nan, an yi sadaka, ga 5,000 ta ƙara saro. Wanne ya fi taimakon jama'a?

Na biyar, ku tsare amana. Haɗa kai ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun gaji gayya, mun gaji adashi, mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma kun san abin da ke kashe adashi: zargi. Maganin zargi kuwa rubutu. Ku zaɓi shugaba, da ma'aji, da magatakarda, kada mutum ɗaya ya riƙe biyu. Ku sayi littafi guda. Shafin dama abin da ya shigo, shafin hagu abin da ya fita. Kowane wata a karanta shi da ƙarfi a gaban kowa. Bashi kuwa, in ya zama tilas, a rubuta shi da sunan mai ci da ranar biya, ko da ɗan'uwanka ne. Da a ce matan ƙauyen can suna da littafi irin wannan, da injinsu na nan yana aiki.

Abin da za ku tarar

Kada ku zaci za a tafa muku tun ran farko. Wani zai yi dariya, ya ce manya da wasan ƙasa. Wani zai ce kun fake da taimako kuna neman kuɗi. Kada ku yi fushi. Ku buɗe masa tukunya ya ga tumatir, ku buɗe masa littafi ya ga lissafi. Wata dabarar kuma za ku gwada ta ƙi. Ba abin kunya ba ne, muddin kaɗan kuka gwada. Ku rubuta dalilin da ya sa ta ƙi, ku gyara, ku sake.

Kuma ba lalle sai tukunya ba. Watakila abin da Garo ke bukata yana cikin kan ɗayanku da ke zaune a nan, bai dai taɓa faɗa ba don yana ganin shi ba kowa ba ne. Ku tuna, randa ta yi shekaru aru-aru a gidajenmu tana sanyaya ruwa, kafin ɗan gidan magina ya dube ta ya yi tambaya.

Ga aikin da muka ba ku. Kafin mako mai zuwa, kowa ya rubuto wahala guda da ta dami gidansa ko unguwarsa, ko da kalma uku ce. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya faɗa wa na kusa da shi ya taimake shi. Mu kuma za mu zo da tukwane biyu. Wani ya kawo yashi, wani ya kawo tumatir ashirin, mu soma gwaji.

Allah ya ba mu sa'a, ya sa mu amfani juna. Mu kwana lafiya.

Tambayoyi

1. Waɗanne wahaloli uku ruɓewar kayan miya ke haifarwa?
2. Me ya sa tukunya cikin tukunya ta ke sanyi? Me ya sa sanyinta ke raguwa da damina?
3. Don me Malam Bah Abba ya nuna majigi maimakon ya raba takarda?
4. Me ya kashe injin niƙan matan ƙauyen nan?
5. In tukwane 3 suka fashe cikin 25, kuka sayar da sauran 2,500 kowace, nawa za ku tashi da shi?